Fetur Kwalba Biyu a Hanyar Lafagu

Daga Illo, zuwa ga Mai-sunan-Malam.

Sallama da gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ka ka sauka Bagudo lafiya, kai da kayanka da abokan tafiyarka. Allah ya tsare ka a tudu da ruwa, ya raba ka da sharrin ƙarfe, ya sa ka shiga wannan aiki a sa'a. Amin.

Bayan haka, na san ka bar gida kana zaton fushi nake yi da kai. Kana da hujja. Shekara uku kana roƙona in bar ka ka koyi tuƙi ina kawar da kai, har ka je ka koya ba da sanina ba. Ranar da takarda ta zo cewa an ɗauke ka direban motar asibiti, yanzu da Turawa suke ta komawa gida aiki yana dawowa hannun 'ya'yanmu, duk unguwa ta zo barka, ni kuwa na shige ɗaki. Ba fushi ba ne. Kai ne ɗana na fari, kuma sunan mahaifina gare ka, ko sunanka ban taɓa kira ba, balle in zaunar da kai in faɗa maka abin da ke cikina ido da ido. Abin da baki ya kasa, bari alƙalami ya gwada. Na ba gwaggonka Ige takardar nan ta sa maka a ƙarƙashin riguna, tare da wata 'yar sanda a naɗe cikin tsumma. Kada ka jefar da sandar. In ka kai ƙarshen karatu za ka san ko ta mece ce.

Akwai wani ruɗu da kusan kowane sabon direba yake fitowa da shi daga wurin koyo, kuma ina jin kai ma da shi ka fito, don na ji ka ran nan a zaure kana gaya wa abokanka motar da za a ba ka tana cin mil kaza da galan ɗaya. Mutane sun ɗauka nisan hanya ne yake shan mai. Wai in ka san mil nawa ne daga wannan gari zuwa wancan, ka san galan nawa za ka zuba. Ni ma haka na ɗauka, kuma nawa ruɗun ya fi na kowa muni, domin ni malamin lissafi ne, ina da alli da allo na kare shi da su.

Ka san na taɓa tuƙi, amma ba ka san yawansa ba. Da na dawo daga soja ina da lasin, ga kuma karatun Midil da na yi tun kafin in tafi, sai En'e ta ɗora ni a kan karatun manya na wannan ƙetaren Kwara, daga bakin ruwa har kan iyakar Dahomey, wadda a lokacin muke ce wa Faranshi. Aka ba ni mota a-kori-kura, 'yar gajera mai rufin tamfol, irin mai ja da ƙafa huɗu in hanya ta ɓaci. Fetur kuwa babu shi a duk wannan ƙetaren. A Bagudo yake, cikin duro, sai an kawo daga Birnin Kebbi. In na cika tanki da jarka ɗaya na hau jirgin fito na ƙetaro, to, abin da ke gare ni ke nan har in koma. Allurar da ke nuna yawan mai kuma tun da aka ba ni motar a mace take.

Ban damu ba. Na buɗe littafin motar na ga abin da masu ƙera ta suka ce tana ci, na samu ɗan littafin aljihu na ja layi, kullum ina rubuta mil ɗin da na yi, ina rabawa, ina ɗebewa, in ce saura galan kaza. Makaniken En'e a Bagudo, Audu, Bakatsine ne, tare muka yi soja, ga shi kuma abokin wasanmu ne mu Kabawa. Wata rana na nuna masa littafin ina taƙama. Ya juya shi sama da ƙasa, ya miƙo mini, ya ce, "Bakabe, lissafin nan ya yi kyau, sai dai motar ba ta yi elementare ba. Tankin nan yana ƙarƙashin kujerarka. Ɗaga kujera, tsoma kara, ka gani da idonka, ko cin kifi ya kashe maka ido?" Na ce masa Bakatsine ba ya yarda da abu sai ya lasa, aka yi dariya aka watse. Ban tsoma karan ba. Na ga kamar ƙasƙanci ne mai ilimi ya riƙa awo da kara kamar mai sayar da man gyaɗa.

To ga nasihata ta farko. Abin da aka rubuta a littafin mota an auna shi ne a kan kwalta mai santsi, mota ba kaya, a ƙasar da ba rairayi ba fadama. Mu ba mu da wannan hanya. Kowace safiya, kafin ka taɓa makulli, ka buɗe tanki ka auna. Ko allurar motarka tana aiki, ka auna, domin gargadar hanyarmu tana sa allura ƙarya.

Abu na biyu da ya ci ni shi ne kunya. Ka san halin ƙasarmu, ba a wuce mutum a hanya. A wancan lokacin sai a yi kwana uku mota ba ta bi ta Lafagu ba, saboda haka duk wanda ya ji ƙugin tawa sai ya fito bakin hanya da kayansa. Wannan tsohuwa ce da tukwane za ta kasuwa, wannan buhun shinkafa biyu, wannan kwandon busasshen kifi, wancan gishiri ya ɗauko daga Faranshi a kan jaki, jakin ya gaji. Kowa sai ya ce, "Malam, rage muna hanya don Allah." Yaya zan ce a'a ga mutumin da nake so gobe ya zo ajina ya koyi baƙi da wasali? Sai in ɗauka. In bodi ya cika a hau da kaya bisa tamfol, a ɗaure, har motar ta zama kamar rumbu yana tafiya. Ni a littafina mil goma mil goma ne. Ban taɓa rubuta cewa mil goman yau da mutum tara da buhu huɗu aka yi shi ba. Kuma ban san cewa kayan da aka tula a sama, ko da marasa nauyi ne kamar tabarmi da kwanduna, suna tare iska ba, sai inji ya yi ta kokawa da ita yana shan mai kamar an huda tanki.

Kai motar marasa lafiya za a ba ka. Man da ke cikinta ba naka ba ne balle ka yi kyauta da shi, na wata mata ce da ba ka san ta ba, wadda za a aiko a kira ka dominta jibi. In dattijo ya tsayar da kai, ka sauka, ka durƙusa ka gaishe shi, ka gaya masa haka da bakinka. Zai ji haushi ranar, amma haushin dattijo yana wucewa. In kuwa ɗaukar ta zama dole, ka shimfiɗa kaya ƙasa-ƙasa, masu nauyi kusa da bayan kujera, kada komai ya ɗara rufin mota tsawo. Jarkarka kuma kada ta sauka daga motar nan saboda kowa, ko da ni ne.

Na uku shi ne wanda ya fi yi mini ciwo, kuma ban taɓa jin wani malamin tuƙi ya ambace shi ba, don su a birni suke koyarwa. Gaisuwa ce. A ƙauyukanmu ba a wuce ƙofar mai gari yana zaune ba a sauka an gaishe shi ba. Amma akwai wata ƙa'ida da ba wanda ya kafa ta, ta kafa kanta tun da mota ta fara shigowa. In ka kashe mota, ka zama baƙo. Nan take za a aika cikin gida a dama fura, a kama kaza, kuma ba ka tashi sai ka ci, ko da rabin yini za ka yi. In kuwa ka bar inji yana aiki, kowa ya san a kan hanya kake, za a gaisa a sallame ka ba wanda ya ji an raina shi. Saboda haka ni ban kashewa. Ga kuma batir ɗina ba ƙarfi, in ta mutu sai na je gaba na murɗa ƙarfen tayarwa, wanda ya taɓa bugun hannuna har na yi mako ban riƙe alli ba. Sai in bar ta tana ta gunji a gindin bishiya, ni ina kan tabarma ana ina gajiya, ina gida, ina ruwa, yaya masara, wa ya mutu, wa ya haihu. Gaisuwar da na ce ta minti biyar ce sai ta ci awa. Ƙauye biyar a yini. A littafina duk wannan sifiri ne, tunda mota ba ta motsa ba.

Mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, ta kan yi mini tsiya a kan wannan. In na kai ta ganin danginta muka tsaya a wani gari, sai ta kasa kunne daga cikin mota. In ta ji na kashe, sai ta ce wa gwaggonka, to, a kwance goyo, yau nan za mu ci tuwo.

Haɗe da gaisuwar akwai roƙon mai. Mutanenmu sun yarda fetur yana maganin harbin kunama, yana fitar da tsutsar ƙafa, yana kashe ƙwarƙwata. Ban sani ba ko gaskiya ne, ina shakka ƙwarai. Amma in zan tashi sai a miƙo kwalba, a ce a ɗan sam muna na kunama. Wa zai hana maganin kunama? Sai in zuƙo da tiyo in cika musu.

Ka kashe motarka in ka tsaya, ko da gaisuwar ta gajarta. In sun kawo fura, ka karɓa ka kurɓa a tsaye, ka ce mara lafiya yana jira. Duk mai garin da ya ƙi fahimtar wannan, ba gaisuwarka yake so ba. Batir kuma ka matsa wa makanike ya gyara maka tun bai mutu ba, don direban da yake tsoron kashe motarsa ya riga ya zama bawanta.

Sauran kurakuraina na lalaci ne da girman kai, zan faɗe su a gurguje ko da yake kowanne ya isa takarda guda. Audu ya koya mini cewa in zan shiga rairayi mai zurfi in rage iskar taya, sai ta baje ta daina nutsewa. Gaskiya ne, ka yi haka. Amma rabin karatun na ɗauka. In na fito kan burji mai tauri ya kamata in tsaya in mayar da iskar, sai in dubi famfon ƙafa, in dubi rana, in dubi babbar rigata, in tuna mutane za su ga Malam yana tsalle a kan famfo yana gumi, sai in ce bari sai an isa gida. A gida kuma in manta. Taya mai laushi a kan hanya mai tauri tamkar mutum ne yake gudu da takalmin da ya cika da laka. Haka ƙaramar giyar nan da ke sa mota ta ja da ƙafa huɗu. Ita ce mai fitar da kai daga taɓon fadama, amma da ka fita ka mayar da ita. Ni sai in bar ta a ciki kwana da kwanaki, wai don kada in sake wahalar sawa. Da safe in na ja cok don inji ya tashi, sau da yawa sai na yi nisa nake lura ban tura shi ba, baƙin hayaƙi yana bina a baya. Matatar iska kuwa, wadda ya kamata a wanke ta a sake mata mai duk bayan tafiya mai ƙura, sai Audu ya buɗe ta ya nuna mini laka a ciki, ya tambaye ni ko shinkafa zan shuka. Injin da ba ya samun numfashi, da fulogin da ya yi baƙi, da birkin da yake riƙe ƙafa ba ka sani ba, da tsumman da aka cusa a bakin tanki maimakon murfi rana tana shanye mai ta cikinsa, duk ɓarayi ne, kuma ba mai sata da yawa a cikinsu. Kaɗan-kaɗan suke ɗiba.

Sai ƙafa. Ina da ƙuruciya a lokacin, ina son in shiga gari da ƙugi. In taka totur har ƙasa, in ga rami in danne birki, in sake takawa. Duk man da ka ƙona ka yi gudu, in ka taka birki ka zubar da shi ne a ƙasa. Ka yi tuƙi kamar an aza maka ƙwaryar nono cike a bodi ba faifai, an ce ka kai ta Kaoje kada ta zuba. Idonka ya riga motarka isa ramin, ka ɗaga ƙafa tun da nisa, ka hau babbar giya da zarar hanya ta yarda, kada kuma ka bar inji yana kuka a ƙarama ko yana shaƙewa a babba. Mara lafiyar da ke kwance a baya ma zai sa maka albarka.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye don kada in zo.

A lokacin kana da shekara bakwai. Damina ce ta yi tsaka, mahaifiyarka tana da tsohon ciki. An gaya maka ajali ya same ta a hanyar asibiti, kuma ba a yi maka ƙarya ba. Amma ba a gaya maka duka ba, gwaggonka ta rufa mini asiri shekara goma sha uku.

A makon nan na cika tanki da jarka a Bagudo ranar Alhamis na ƙetaro. Na yi kwana huɗu ina zagaya azuzuwan kan iyaka, cikin taɓo, taya a sassauce, ƙaramar giya a ciki. A wani ƙauye gaba da Lafagu mai gari ya roƙe ni in kai masa buhun shinkafa uku Illo, na bikin 'yarsa. Bodi ya riga ya cika da mutane. Aka duba aka duba ba wuri, sai wani ya ce a sauke jarkar nan mana, ai Malam zai dawo jibi ya ɗauka. Na buɗe littafina a gabansu, na yi lissafi, na ga abin da ke tanki ya isa ya kai ni Illo, ya mayar da ni Bagudo, har da saura. Na ce a sauke. Muka zauna gaisuwar sallama da godiya fiye da awa, mota tana gunji. Da zan tashi aka miƙo kwalbar kunama, na cika.

Ranar Talata da hantsi gwaggonka ta aiko makaranta a kira ni. Naƙuda ta kama mahaifiyarka tun jiya, abin ya ƙi, ungozoma ta ce ya fi ƙarfinta. Mun san likita mai rangadi yana Bagudo a makon. Mun kuma san jirgin fito da damina ba ya wuce azahar a wannan gaɓar, domin da yamma hadari yake tasowa, masu tuƙa shi ba sa yarda da ruwan. Lokaci yana nan, in an tashi nan da nan. Muka shimfiɗa katifa a bodi muka kwantar da ita, gwaggonka ta riƙe kanta a cinya. Kai kana gidan kakarka, ba ka ga fitarmu ba.

Na tuna na ɗora hannu a kan kujerar nan, wadda tanki yake ƙarƙashinta. Ɗaga ta da tsoma kara ba zai ci minti ɗaya ba. Da na auna, da na ratsa ta ƙauyen nan na ɗauki jarkata, ratsen bai kai mil biyu ba. Ban auna ba. Littafi ya ce akwai mai. Na taka totur iyakar ƙarfina, da taya mai laushi, da ƙafa huɗu suna ja, na wuce mararrabar ƙauyen ko waiwaye ban yi ba.

Mun wuce Lafagu, mun gangara, har ina hango kan giginyun da ke bakin fito, sai inji ya yi tari sau biyu. Na ja cok, ya ɗan farfaɗo, ya sake tari, ya yi shiru. Motar ta gangara kaɗan ta tsaya a tsakiyar hanya. Ba gida ba gona kusa, sai kukan kwaɗi a fadama. A cikin shirun nan na ji muryar mahaifiyarka daga baya, a hankali, tana ce wa gwaggonka, "Malam ya kashe mota. Yau nan za mu ci tuwo ke nan."

Wasa take yi, don kada in ji tsoro. Ita ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinta.

Na ɗaga kujera na karya wani kara a bakin hanya na tsoma. Ya fito a bushe. Karo na farko ke nan da na auna tankin motar nan.

Na tuɓe riga na yi gudu zuwa bakin ruwa. Mil uku ne da 'yan kai, amma cikin rairayi da ruwa. Da na isa, jirgin ya riga ya kai tsakiyar Kwara, na yi kira har muryata ta dushe, ba mai ji. Sarkawa masunta da ke wurin, Allah ya saka musu, mutum huɗu suka cire ƙyauren bukka suka biyo ni, muka ɗauko ta a kai. Kafin mu dawo da ita la'asar ta yi, gabas ta yi baƙi, iska ta taso. Babban cikinsu, wani tsoho Badandi, ya dubi ruwan ya dube ni, ya ce ko ɗansa ne a kwance ba zai sa kwalekwale a wannan igiyar ba, za a rasa rai shida maimakon biyu. Ya shigar da ita rumfarsa. Matansa suka kewaye ta. Ni ina waje cikin ruwan sama. Kafin magariba gwaggonka ta fito, ta zauna a ƙasa kusa da ni. Mahaifiyarka ta rasu, da ita da abin da ke cikinta, duka.

Kowa ya ce mini ajali ne, kuma na yi imani da haka. Wataƙila ko mun sami jirgin, ko mun sami likitan, kwananta ya ƙare. Wannan sanin na Allah ne. Amma abin da aka ba ni amana ba ajalinta ba ne, tankin mota ne, shi kuwa na san yadda na yi da shi.

Bayan kwana uku Audu ya ƙetaro da mai don a ɗauko motar. Bai yi mini wasa ba, bai kuma yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya zagaya ta, ya danna kowace taya da ƙafa, ya leƙa ya ga ƙaramar giya a ciki, ya cire ta. Ya ɗauko jarka zai juye, na riƙe hannunsa na ce ya dakata, ina so in san wani abu. Na sa ya zuba kwalba biyu kawai, irin kwalbar da nake cika wa mutane. Ya dube ni ya ce, "Malam, bar wannan, ba zai amfane ka ba." Ranar ce kaɗai bai ce mini Bakabe ba. Na ce ya zuba. Ya tuƙa a hankali ina gefensa, muka isa har bakin fito, gaban rumfar tsohon nan, inji bai mutu ba.

Kwalba biyu. Abin da na ƙona a ƙofar mai gari ina amsa ina gajiya, da abin da na bayar na kunama, ya kai haka ko ya fi.

Daga nan na mayar da makulli, na roƙa a komar da ni aji. Ban sake kama sitiyari ba har yau. Shi ya sa duk lokacin da ka ce mini tuƙi sai in kawar da kai. Ba raina sana'ar na yi ba. Sana'a ce mai daraja, kuma a ƙasar da ta karɓi mulkin kanta jiya-jiya, direban da zai kai mace asibiti a kan lokaci ya fi masu jawabi goma amfani. Tsoro nake ji, kuma kunyarka nake ji.

Sandar da ke cikin tsumman nan Audu ne ya sassaƙa mini ita daga baya, ta icen kirya ce, ba ta lanƙwashewa. Ya ce in ajiye ko zan koma. Ban yi mata tsaga ko ɗaya ba sai guda, can ƙasa kusa da bakinta, ko faɗin farce ba ta kai ba. Nan ne kwalba biyu take tsayawa a tankin waccan motar. Sauran jikin sandar na bar maka fili, domin tankinka daban ne, kai za ka yi mata naka tsagogin. Audu yana nan Bagudo, ya tsufa, idonsa ya yi rauni amma kunnensa yana jin ciwon inji tun daga nesa. Ka je ka gaishe shi. Zai zage ka da cin kifi, ka rama, ka kuma yi duk abin da ya ce.

Kada ka yarda da maganata don ni na faɗa, na riga na nuna maka inda yarda da rubutu ya kai ni. Ka gwada da kanka tun a makon farko, kafin a ɗora maka mara lafiya. Ka sa a zuba maka mai galan-galan a fili mai daidai, kowane galan ka tsoma sanda ka yi tsaga. Sa'an nan ka zaɓi hanya ɗaya, ka bi ta sau biyu. Karo na farko ka yi yadda zuciyarka take so, da gudu, da kaya, da barin inji a wurin gaisuwa. Karo na biyu ka cika taya, ka sauke abin da ba dole ba, ka kashe in ka tsaya, ka tafi da ƙwaryar nonon nan a ranka. Ka auna duka biyun. In ka ga bambancin, ka ɗora shi a kan 'yar tsagar da ke ƙasan sandar, ka ƙirga sau nawa ya ninka ta.

In ka yi, ka rubuto mini abin da ka samu. Ba sai ka ce komai a kan sauran abin da ke cikin takardar nan ba, in ba ka iya ba tukuna. Lissafin kawai ya ishe ni, zan gane. In kuma wata rana aiki ya biyo da kai ta Illo, ka tsaya a ƙofar gida. Zan kasa kunne daga zaure in ji ko za ka kashe motar.

Allah ya kiyaye hanyarka, ya tsare waɗanda za ka ɗauka, ya kai ka ya dawo da kai lafiya. Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya yafe mini. Gwaggonka tana gaishe ka, ta ce akwai yaji da ƙuli-ƙuli a ƙasan akwati.

Ni ne mahaifinka.